Tuwon Gwaggo da Ƙafar Akawal

A wajejen ƙarshen shekarun saba'in, Malam Edita, ni mahayin dokin tsere ne a nan Madina, kuma duk unguwar Ƙurban babu saurayi mai ƙarancin nama irina. Na san wanda ya gan ni yau ina hawa matakalar masallaci ina tsayawa hutu a tsakiya zai ce tsufa ya fara taɓa mini kai, to ya tambayi manya. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Damagaram, ya sauke farali, ya zo ziyara, ya ce shi kam ya iso gida. A nan aka haifi ubana, a nan aka haife ni. Iyayena sun rasu ina ƙarami, gwaggona yayar ubana ce ta riƙe ni. Makaranta kuwa ban gama ibtida'i ba, wato firamare, muka rabu da ita ba tare da faɗa ba, ita ba ta neme ni ba, ni ma ban neme ta ba. Bokon nan da kake karantawa wani ɗalibin Jami'a ɗan Nijeriya ne ya koya mini a bakin shago, bai gama ba ya koma ƙasarsu. In ka ga harafi ya kauce, laifinsa ne.

A wancan zamani masu gonakin dabino na kwarin Aƙiƙ suna da wata al'ada. In alhazai sun watse, sanyi ya shigo, sai kowa ya fito da dokinsa a yi tsere a cikin kwarin. Ba fili ne shimfiɗaɗɗe ba. Za ka bi yashi, ka tsallake magudanan ruwan da ke shayar da dabino, ka tsallake katangun laka na tsofaffin gonakin da aka bari, ka zagayo ka dawo inda dattawa ke zaune kan darduma suna shan gahawa. Babu abin da ake ci sai baki, amma bakin dattijon Balarabe mai doki abu ne da ake shekara ana jin ɗacinsa. Ni dokin wani dattijo nake hawa, dattijon ina ce masa ammi, wato baffa, dokin kuwa ingarma ne akawal, baƙi wul har kofato, mai taurin kai kamar wanda ya yi shi da gayya. Mai kula da shi wani tsohon Badawi ne da bai iya murmushi ba. A gonar akwai babban sikelin auna dabino, kuma ƙa'idar Badawin ita ce ya ɗora ni a gefe guda, ya ɗora buhun sha'ir na abincin doki a ɗaya gefen. Muddin buhun ya rinjaye ni, ni mahayi ne. Har zuwa lokacin ban taɓa faɗuwa wannan jarrabawa ba, ita kaɗai ce ma jarrabawar da na taɓa ci a duniya.

Shekarar da abin ya faru an yi ruwa, kwarin ya kawo ya janye, ya bar laka a ƙarƙashin yashi inda ido ba ya gani. Muka zo wata katanga da muka saba tsallakewa ido rufe, Akawal ya tashi lafiya, da ya dira ƙafarsa ta gaba ta lume ta ƙi fitowa, sauran jikin ya wuce. Ni ma na wuce, ba tare da shi ba. Shi jijiyar ƙafa ta yage, ni ƙashin kafaɗa ya karye. Karayar ba komai ba ce. Abin da ya zama komai shi ne hoton ƙirjin da aka ɗauka a mustashfa, wato asibiti, don likitan, wani Bamisre mai ƙaton tabarau, ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni tun yaushe nake tari. Na ce ƙurar doki ce. Ya ce ƙurar doki ba ta huda huhu. Ashe ramar nan da nake taƙama da ita ba baiwa ba ce kawai, tarin fuka ne yake taya ni. Aka kai ni ɗakin masu ciwon ƙirji na yi watanni, kullum allura, har na rasa gefen da zan zauna a kai.

Ina can kwance Badawin yana fama da Akawal. Ya yi masa lalas da jan ƙarfe a kan jijiyar, yana ɗaure ta da lalle da gishiri, yana tsayar da shi cikin magudanar ruwa da sassafe don sanyin ya ratsa ƙafar. 'Ya'yan ammi kuwa, waɗanda hankalinsu ya koma kan motoci da gine-gine, suka ce gurgun doki ɓarnar sha'ir ne, akwai mai amalanken kananzir da ke nemansa. In ba ka taɓa ganin dokin amalanken kananzir ba, Malam Edita, ka gode wa Allah. Yini yake yana jan tanki a kan kwalta mai zafi, ana dukansa, har ranar da zai durƙusa a bakin titi. Ammi ya raba gardama, ya ce a bar shi zuwa tseren baɗi. In ya zagaya kwarin ya tsallake katangun ya dawo da ƙafa huɗu, ko da shi ne na ƙarshe, zai zauna a gonar har ya mutu. In ya kasa, ko ba a samu mai hawansa ba, amalanke. Badawin ya zo mustashfa da kansa ya tsaya a bakin taga, don tsoron tarin, ya gaya mini wannan, ya ƙara da cewa ƙafar za ta ɗauki nauyina na da, ba za ta ɗauki ko dabino ɗaya a kai ba. Sauran mahaya duk sun fi ni nauyi, kuma ko ba su fi ba Akawal ba ya yarda da su. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, don a lokacin iska mai ƙarfi sai ta ɗauke ni.

To ga inda masifa ta shigo. Ranar da aka sallame ni, likitan ya ce yanzu maganina abinci ne, in ci da kyau. Ya faɗi haka a gaban Gwaggo. Da ya kira ni gefe ya raɗa mini, da ba ka karanta wannan wasiƙa ba. Gwaggo Larabcinta na kasuwa ne, rabin abin da likita ke faɗa ba ta ganewa, amma wannan kalma ta gane ta sarai, ta ƙulle ta a bakin mayafi ta kawo ta Ƙurban.

Ka san mutanenmu da dubiya. Ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake, kuma a unguwarmu ba a ajiye kwano a tafi. Wadda ta kawo za ta zauna ta buɗe da hannunta, ta zuba maka ido har ta ga gindin kwanon, don gobe in an haɗu a gidan biki za a tambaye ta ko ka ci. Ga shi unguwar kowa da asalinsa. In ka cinye tuwon Bakanuwa ka taɓa na 'yar Chadi sama-sama, ka kunna yaƙin da kakanninsu ba su yi ba. Da safe kunun gyaɗa da gurasar tamis da dafaffen waken ful yana iyo cikin man shanu. Kafin azahar tuwo miyar kuka, wadda aka ɓarnatar da kukar da alhazai suka kawo tsaraba saboda ni. Bayan la'asar waɗanda aka haifa a nan su kawo saliƙ, shinkafar nan da ake dafawa da madara har ta zama kamar kunu, da kaza a kwance a kai. Mai tsire na bakin titi ma sai da ya aiko, wai sadakar lafiya. Gwaggo na zaune gefe da mafici tana kore ƙuda, tana kore duk wani uzuri da zan kawo. In na ce na ƙoshi, sai ta ce ciwon ne ke magana ba ni ba. In na ce zan amayar, sai ta ce to a jira ya kwanta a ƙara. Ni da na yi watanni ina cin dafaffiyar kabewar mustashfa marar gishiri, ba zan yi maka ƙarya ba, da farko ban yi wata gardamar kirki ba.

Ranar da na samu ƙarfin komawa gonar, Akawal ya dube ni ya kau da kai kamar bai taɓa ganina ba. Badawin bai amsa sallamata ba sai da ya zagaya ni, sannan ya nuna mini sikeli. Na hau. Buhun sha'ir ya tashi sama yana lilo kamar ana wasa da shi. Tsohon ya daɗe yana kallon buhun, ya juyo gare ni.

"Kai yaro, ya walad, wa ya cinye mini mahayina?"

Na ce ni ne dai. Ya ce a'a, wannan mutum biyu ne a riga ɗaya, ɗaya ya sauka. Ya ɗaga ƙafar Akawal ya nuna mini tabon lalas, ya ce shi ya yi nasa, dokin ya yi nasa, saura wanda Allah ya ba hankali.

Na koma gida na zauna gaban Gwaggo na yi mata bayani dalla-dalla, har da kwatancen amalanke. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce wannan tarin shi ya ɗauki ƙaninta, ubana, ita ta riƙe masa ƙwarya yana tofar da jini, kuma a lokacin babu abin da za ta ba shi sai ruwan dabino. Yanzu da Allah ya hore abinci ba za ta zauna ta ga na koma ƙashi saboda dabba ba. Ka gaya mini, Malam Edita, da wane baki ake amsa wannan? Na koma wurin likita, ya ce shi ƙwai da madara da nama yake nufi, da tafiya a ƙasa, ba tudun shinkafa da mai ba. Na kawo wa Gwaggo wannan, ta ce ita ba a gabanta ya faɗa ba. Na tafi wurin malamin unguwa neman fatawa, na same shi ya ce mayar da kyauta ba halin kirki ba ne, ya biyo ni gida don ya yi wa Gwaggo nasiha, aka kawo tire, ya zauna muka cinye tare, ya yi addu'a ya tafi. Nasihar har yau ina jiranta.

Da na ga sanyi na matsowa, sai na naɗe tabarmata na koma gonar gaba ɗaya. Larabawa na da wata hanya ta shirya dokin tsere. Za a ciyar da shi har ya murje, sannan a riƙa rage masa abinci, a lulluɓe shi da barguna a sa shi tafiya har ya yi gumi, kitsen ya narke ƙarfin ya zauna. Badawin ya ce tunda mutanena sun riga sun yi mini rabin farko, shi zai yi na biyu. Ya lulluɓe Akawal, ya lulluɓe ni, ya sa mu tafiya cikin yashin kwarin, ni a ƙasa ina riƙe da ragama. Masu wucewa a mota zuwa Bi'ir Ali suna rage gudu su kalli mahaukacin da ya yafa bargo da rana tsaka. Abincina dabino ƙalilan, ƙwai, da nonon raƙumi. Huhun da ya saba kwanciya ya riƙa yi mini kuka kamar tsohuwar ƙofa. Duk ranar da na yi tari sai in duba tafin hannuna ko da jini. Duk ranar da Badawin ya shafa ƙafar ya ji ta da ɗumi, sai mu koma baya, a daina tafiya, a koma tsayuwa cikin ruwa, ni kuma sikeli ya tsaya cik kamar an yi masa asiri. Wani lokaci in dubi Akawal yana tauna sha'irinsa hankali kwance in ji kamar in ƙwace.

Kuma kada ka ɗauka na tsira. Kwanuka suka biyo ni Aƙiƙ a bayan motar wani maƙwabci mai ɗaukar kaya. Na riƙa mayar da su a rufe, da ban haƙuri da godiya mai yawa. Na sauran mata ya wuce da gunaguni. Amma da kwanon Gwaggo ya koma mata ba a buɗe ba, washegari sai ga ta da kanta, ita da ba ta fita sai zuwa Harami ko gidan rasuwa. Ta ratso cikin dabino da tire a ka, ta same ni cikin bargo ina ɗigar gumi, ta sauke a gabana ta buɗe. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa busasshiya, wanda ta san tun ina yaro ba na iya kau da kai daga gare shi. Badawin ya sulale ya ba mu wuri, jarumin banza.

"Ɗan nan, ci."

"Gwaggo, ki ba ni zuwa ranar tsere. Bayan nan ko tukunyar kika ce in cinye zan cinye."

"Ni ka mayar wa kwano a rufe, unguwa na kallo?"

Na ce ba raini ba ne, rai ne a hannuna. Ta ce ita ma rai ne a hannunta, kuma nata ya fi nawa tsada don mutum ne. Ta tsaya tana jira, ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon tururi na tashi. Ban ci ba. Ta rufe tiren a hankali, ta ɗora a ka, ta juya. Daga ranar ko ƙwayar shinkafa ba ta sake zuwa gonar ba, daga gidan kowa. Abin da na yi ta roƙo ke nan, kuma da na same shi ya fi yunwar ciwo. Ranar Juma'a in na je masallacin Ƙuba dattawan unguwa su amsa gaisuwata da rabin baki. Wani ma ya tambaye ni ko gaskiya ne yanzu na koma ɗan doki, a gaya wa yaran unguwa su daina ce mini ɗan'uwa.

Da safen tseren na hau sikeli, ni da buhun muka tsaya daidai muna kallon juna. Badawin ya sa na cire takalmi da ɗamara da hula, ya ce in fitar da numfashi, kamar shi ma yana da nauyi. Buhun ya sauka kaɗan, kamar mai jin kunya. Ya ce yalla, mu je.

Ba zan cika ka da labarin jarumta ba, don babu ita. Da aka saki dawaki na riƙe Akawal baya, ya yi ta fizgar linzami yana zagina da yarensu. Magudanar farko ya tsallake kamar yana tambayar ƙafar ko tana nan. Ta biyu ya fi sakewa. Ni kuwa tun kafin rabin hanya numfashina ya ƙare, ina jin ƙirjina kamar an cusa garwashi, idona na ganin dabino bibbiyu. Da muka doso katangar da ta kayar da mu, na ji ya rage taki, kunnuwansa sun koma baya. Na miƙe kan likkafa na kwanta a wuyansa don in ɗauke masa abin da zan iya ɗaukewa, na sakar masa linzami, na ce masa da Hausa, don Larabci ya gudu daga kaina, ko wannan ko kananzir. Ya tashi. Ya dira. Na jira in ji ƙafar ta lanƙwashe, ba ta lanƙwashe ba. Da muka iso wurin dattawa wanda ya zo na farko har ya sauka ya sha gahawa an fara mantawa da shi. Doki ɗaya ne kawai a bayanmu, shi ma ya yar da mahayinsa ne ya tsaya cin ciyawa. Badawin ya durƙusa ya shafa ƙafar tun daga gwiwa har kofato, ya sa aka zagaya da dokin a gaban ammi, kowa ya ga yana taka huɗu. Ammi ya dubi 'ya'yansa ya ce halas, magana ta ƙare, dokin ya zauna.

Ban tsaya cin ragon da aka yanka ba, na wuce Ƙurban. Na yi sallama, Gwaggo ta amsa ba ta dube ni ba. Ba ta tambayi wa ya ci tsere ba. Ta tambaya ko dabbar na da rai, na ce tana da rai. Ta tambaya ko na ga jini, na ce ban gani ba. Sai ta tashi ta ɗora tukunya. Na ci a gabanta har na siɗe kwanon, ta ƙara, na cinye, tana fifita tana share ido da bakin mayafi wai hayaƙi ne. Washegari unguwa ta ji an buɗe hanya. Suka dawo da kwanukansu har da ramuwar waɗanda na mayar, kamar masu rama azumi, kuma wannan karon ba ni da sauran hujja, na riga na yi alkawari a gaban tire. Buhun sha'ir bai sake rinjayata ba har yau. Wannan tsere shi ne hawana na ƙarshe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk unguwa ta yarda tuwonsu ne ya warkar da ni har na iya hawan, kuma in na zauna ni kaɗai na yi lissafi, ba ni da tabbacin ƙarya suke yi. Ita kuwa Gwaggo, da aka nuna mata hoton Akawal, sai ta ce wannan dabba ai a rame take, ba a ba ta abinci ne? Ta shiga aika masa jiƙaƙƙiyar dusa da kanwa duk mako. Badawin ya yi faɗa har ya gaji. Haka muka tsufa ni da Akawal a inuwar dabino, kowa da tumbinsa.

Abin da na koya, kuma nake so masu karatu su riƙe, ga shi. Ku likitoci, kada ku kuskura ku ce wa mara lafiya ya ci abinci a gaban tsohuwar da ta rene shi, sai kun faɗi wane iri, kun faɗi iyakarsa, kun sa ta maimaita. Ku masu dubiya, Allah ya ba ku lada, amma kafin ku buɗe kwano ku tambayi mai jinya abin da ke gabansa, don wani ba yunwa ce damuwarsa ba, kuma kunyarku ce za ta sa ya ci abin da zai raba shi da sana'arsa. Ku kuma samari, in ta kama dole ku ƙi abincin wadda ta goya ku, kada ku ba direba ya mayar. Ku ɗauka da kanku, ku je ku durƙusa, ku sha faɗan da zafinsa, domin na gano daga baya ba ƙin cin ne ya fi yi mata ciwo ba, shigowar kwanon a hannun bare ne. Gwaggo ta rasu da daɗewa. Yanzu likita ya hana ni tuwo da gaske, jikokina suna bin umarninsa kamar sojoji, kuma duk Madina babu mai zama gabana da mafici ya ce ciwon ne ke magana ba ni ba.